Gaggawa da Amana: Kurakuran da Kamfanoni ke Yi Wajen Tallata Kansu a Dandalin LinkedIn

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kurakuran da kamfanoni suka fi faɗawa ciki idan suna neman abokan ciniki a dandalin intanet na ma'aikata da 'yan kasuwa, ta kuma ɗauki LinkedIn a matsayin abin nazari domin shi ne mafi girma a cikinsu. Ta dogara da binciken masana kasuwanci da na zamantakewa, da shari'o'in da aka yi a kotu, da abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa game da yadda dandalin ke aiki. Ra'ayin da take karewa shi ne, yawancin kurakuran nan tushensu guda: kamfani na neman ciniki yau daga hannun mutumin da lokacin sayensa bai yi ba, wanda kuma bai san mai sayarwar ba balle ya amince da shi.

Gabatarwa



An buɗe LinkedIn ga jama'a ranar 5 ga watan Mayu, 2003, a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma Reid Hoffman ne jagoran waɗanda suka kafa shi. A 2016 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26.2, sannan a ƙarshen 2023 aka ba da sanarwar cewa masu rajista a cikinsa sun kai biliyan ɗaya. Akwai irinsa a wasu wurare. XING, wanda aka kafa a Hamburg a 2003, ya yi ƙarfi a Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Viadeo na Faransa ya yi tashe, daga baya ya durƙushe har kamfanin jaridar Le Figaro ya saye shi a 2016. A shekarar ce kuma Rasha ta toshe LinkedIn, shi kuma ya janye daga ƙasar Sin daki-daki tsakanin 2021 da 2023. Na kawo wannan ne domin kuskure na farko, wanda ya fi kowanne sauƙin kaucewa, shi ne kamfani ya zuba lokaci da kuɗi a dandali bai bincika ko masu sayen kayansa suna can ba.

Abin da ya raba wannan dandali da Facebook ko Instagram ko TikTok shi ne mutum na shiga da cikakken sunansa, da muƙaminsa, da sunan inda yake aiki. Ubangidansa na can, abokan aikinsa na can, wanda zai ɗauke shi aiki baɗi ma yana can, kuma duk abin da ya yaba ko ya yi wa tsokaci suna iya gani. Shi ya sa yake karatu da yawa, yana magana kaɗan. Mai tallan da bai gane wannan ba sai ya ɗauki shirun a matsayin rashin kasuwa, ya ƙara ɗaga murya, ya ƙara korar mutane.

Magana a nan a kan cinikin kamfani da kamfani take: mai sarrafa shinkafa da ke neman manyan diloli, mai fitar da riɗi ko zoɓorodo zuwa ƙasashen waje, kamfanin haɗa manhaja, na jigilar kaya, na gine-gine. Kayan da mutum ɗaya ke gani ya saya a take, irin su atamfa da turare, nasu filin daban ne.

Wa ke saye, kuma yaushe?

Tun a 1972 Frederick Webster da Yoram Wind suka nuna cewa idan kamfani zai sayi wani abu, ba mutum ɗaya ne ke saye ba. Akwai wanda zai yi amfani da kayan, akwai mai ba da shawara, akwai mai yin cinikin, akwai mai yanke hukunci, akwai kuma mai tsaron ƙofa, wato wanda ke tace irin bayanin da zai isa ga sauran. Kamfanin bincike na Gartner ya ƙiyasta cewa a babbar sayayya mai sarƙaƙiya, mutum shida zuwa goma ne ke da ta cewa, kuma kashi 17 cikin ɗari kacal na lokacin da suke kashewa a kan sayayyar ne suke zama da masu sayarwa. Sauran lokacin yana tafiya ne wajen bincike da kansu da tattaunawa a tsakaninsu, ba mai sayarwa a ɗakin.

Wannan yana da ma'ana babba ga mai talla. Jami'in sayayya ya san cewa idan kwantena ta iso kaya sun yi fumfuna, ko injin ya tsaya bayan wata uku, shi za a kira ofishin shugaba. Don haka yakan zaɓi abin da zai iya karewa a gaban manyansa, ko da ya ɗan fi tsada. Sunan da kowa a ɗakin taron ya taɓa ji yana da sauƙin karewa. Sunan da shi kaɗai ya sani, saboda wani ya aiko masa da saƙo jiya, kasada ce da zai ɗauka da aikinsa. Kamfanin da ya tattara duk ƙarfinsa a kan shugaban kamfani kawai, ko a kan jami'in sayayya kawai, ya bar akanta da injiniya da mai kula da ingancin kaya ba su san da zamansa ba, ga shi kuma kowane ɗayansu na iya kashe cinikin da kalma guda.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne zuciyar matsalar. A 2021 Farfesa John Dawes na Cibiyar Ehrenberg-Bass da ke Adelaide a Ostiraliya ya fitar da wani lissafi mai sauƙi. Idan kamfanoni kan sauya banki ko lauyoyinsu sau ɗaya a kusan shekara biyar, to kashi 20 cikin ɗari ne ke neman sabo a shekara, kashi 5 kuma a kowane wata uku. Ma'ana, a duk lokacin da ka yi talla, kusan kashi 95 na waɗanda za su iya sayen kayanka wata rana ba sa nema yanzu. Rangwame ba zai sa mai niƙa ya sayi sabon inji ba alhali wanda ya saya bara yana aiki lafiya. Abin da talla zai iya yi wa waɗannan 95 ɗin shi ne ya sa sunanka ya zauna a ransu, haɗe da irin matsalar da kake warwarewa, ta yadda ranar da injin ya gaza kai za a fara tunawa.

Les Binet da Peter Field sun isa kusa da wannan ta wata hanya. A littafinsu na 2013, The Long and the Short of It, sun yi amfani da bayanan ƙungiyar masu talla ta Birtaniya, IPA, suka nuna cewa tallan neman ciniki nan take yana ɗaga sayarwa na ɗan lokaci sannan ya sauka, tallan gina suna kuwa yana tafiya a hankali amma yana taruwa. Rabon da suka ba da shawara ga kayan masarufi shi ne kashi 60 na kuɗin talla ga gina suna, 40 ga neman ciniki. Da suka duba cinikin kamfani da kamfani a 2019, sai rabon ya zama kusan rabi da rabi.

Ya kamata a faɗa cewa cibiyar bincike ta LinkedIn ce ta ɗauki nauyin yaɗa aikin Dawes da na Binet da Field na 2019, kuma kamfanin da ke sayar da filin talla yana da riba idan aka yarda cewa a riƙa talla ba yankewa. Wannan dalili ne na a karanta su da ido biyu. Amma lissafin Dawes ba ya buƙatar a yarda da kowa. Kowane ɗan kasuwa na iya buɗe littafinsa ya duba tazarar da ke tsakanin sayayya da sayayya a wurin manyan kwastomominsa, ya fitar da nasa kason. Idan aka yi haka, sai a duba shafin kamfanin: rubutu nawa cikin ashirin na ƙarshe ne ke da amfani ga wanda ba ya saye yau? A shafukan kamfanoni da yawa, amsar ba ta da daɗin ji.

Saƙon da ke biyo bayan gayyata

Duk wanda ya yi wata guda a dandalin ya san wannan. Wani ya aiko da gayyatar ƙulla alaƙa, ka amsa, kafin ka ajiye waya saƙo ya shigo: "Barka da warhaka, ranka ya daɗe. Mu ne kan gaba wajen samar da kaza da kaza. Ko za ka ba ni minti goma sha biyar ranar Talata?" Bayan kwana uku wani ya biyo baya, yana tuni. Bayan mako, na uku. Babu abin da ke cikin saƙon da ke nuna mai aikowa ya san abin da kamfaninka ke yi. Wani lokaci ma ana tallata maka abin da kai ma shi kake sayarwa.

Domin a ga girman wannan kuskure, yana da kyau a tuna aikin Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Cohen ya bayyana yadda fataken shanu ke saukowa daga Arewa su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, mutanen da ba su sani ba, a garin da ba nasu ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne mai gida. Shi ke saukar da baƙo, dillalansa ne ke haɗa ciniki, shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke cin bashi, kuma idan kuɗi suka maƙale, shi ke tsayawa. Sanin nan ba a rana ɗaya yake samuwa ba. An gina LinkedIn a kan irin wannan tunani: idan ka buɗe shafin baƙo, daga cikin abubuwan farko da dandalin ke nuna maka akwai mutanen da ku biyu kuka sani. Mai aika saƙon talla minti biyu bayan gayyata ya tsallake mai gida ya tafi kai-tsaye neman bashi wurin wanda bai taɓa ganinsa ba.

Kada a fahimce ni da cewa a tsaya ga na kusa kawai. Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa sabon labari, musamman na aikin yi, ya fi zuwa daga waɗanda aka sani sama-sama, domin aminanka abin da ka sani su ma shi suka sani. A 2022 mujallar Science ta buga binciken da Karthik Rajkumar da Sinan Aral da abokan aikinsu suka yi a kan masu amfani da LinkedIn fiye da miliyan 20 cikin shekara biyar, wanda ya tabbatar da hakan, ya kuma ƙara wani abu: alaƙar da ta fi amfani ita ce ta tsaka-tsaki, ba ta aminci ba, ba kuma wadda babu kowa a tsakani ba. A kan samun aiki aka yi binciken, amma darasinsa ga mai neman ciniki a fili yake. Tsohon abokin karatu da ke aiki a kamfanin da kake hari, ko kwastoman da ya gamsu ya san wani a can, ya fi maka baƙi dubu da ka tara ta hanyar danna maɓalli. Roƙon "don Allah ka haɗa ni da wane" yana da nauyi a baki, shi ya sa ake guje masa a koma ga saƙon da ba ya buƙatar kunya. Amma nauyin nan shi ne darajarsa, domin wanda ya haɗa ku ya sa sunansa a ciki.

Abin ya ƙara lalacewa da shigowar manhajojin da ke aika gayyata da saƙo da kansu, ɗaruruwa a rana, suna sauya suna kawai. Dokokin LinkedIn sun haramta amfani da su, kamfanin ya sanya iyaka ga yawan gayyatar da mutum zai aika a mako, kuma yana iya rufe shafin wanda aka kama. Ƙarshen yawan alaƙar da aka yarda mutum ya ƙulla shi ne 30,000. Shi kansa LinkedIn ya taɓa ƙonewa a irin wannan wuta. A 2015 ya amince ya biya dala miliyan 13 domin sasanta ƙarar da aka kai shi a Kalifoniya, saboda yana aika wa mutane imel na gayyata da sunan mambobinsa, sannan ya bi su da tuni har sau biyu. Kotu ta ga cewa mambobin sun yarda da gayyatar farko, amma ba su yarda a riƙa naci da sunansu ba. Abin da masu ƙarar suka koka a kai shi ne an zubar musu da mutunci a idon abokan hulɗarsu. Kamfanin da ya sa wa ma'aikacinsa irin wannan manhaja, mutuncin ma'aikacin yake kashewa.

Akwai kuma doka. Kwashe sunaye da adireshin imel daga shafukan mutane domin a yi musu ruwan talla ya zama sana'a. Shari'ar kamfanin hiQ Labs da LinkedIn ta ɗauki daga 2017 zuwa 2022. hiQ ya yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a kan cewa kwasar bayanan da ke fili ba kutse ba ce, amma a ƙarshe an same shi da karya yarjejeniyar amfani da dandalin, aka rufe shari'ar da hukuncin biyan dala 500,000. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2018, tana iya hawa kan kamfanin da ke wajen Turai idan mazauna Turai yake tallata wa kaya. A Najeriya ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ya ce a daina amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla, kuma akwai hukumar da ke bibiya.

Mafi muni shi ne fuskar ƙarya. A 2022 Renée DiResta da Josh Goldstein na Jami'ar Stanford sun gano shafuka fiye da 1,000 a LinkedIn waɗanda hotunansu kwamfuta ce ta ƙera su, babu mai irin fuskar a duniya. Da gidan rediyon NPR ya bi sawu, sai ya tarar da yawa daga cikinsu ba leƙen asiri suke ba, neman ciniki suke yi wa kamfanoni na gaske, wasu daga cikin kamfanonin ma sun ce ba su san haka 'yan kwangilar tallansu ke yi ba. Wannan ya shafe mu kai-tsaye. Ɗan kasuwar Kano ko Legas da ke rubuta wa mai saye a Turkiyya ko Japan yana shiga da nauyin da ba shi ya ɗauko ba, wato baƙin sunan da 'yan damfarar 419 suka ja wa ƙasar. Shafin da ba hoto, ko hoton da aka aro, ko kamfanin da ba adireshi ba lambar rajistar CAC, ya ishe mai saye dalilin rufewa. Tun 2023 LinkedIn ya fara ba da alamar tantance mutum kyauta, ta katin shaida ko imel ɗin wurin aiki. Wanda ya sami damar yin ta ya bari, ya yar da hujjar da yake buƙata fiye da kowa.

Abin da ake rubutawa

Shafin kamfani na yau da kullum ya ƙunshi hoton shugaba yana karɓar kambu, hoton ma'aikata a taron bita, gaisuwar Juma'a, gaisuwar sabon wata, da sanarwar cewa kamfani na alfahari da kaza. Babu laifi a ɗayansu. Laifin shi ne idan su ke nan. Mai karatu ya zo da tambayar aikinsa, ya tarar kamfanin na magana da kansa.

A ɗauki mai fitar da kayan gona daga kasuwar Dawanau. Abin da aka saba gani shi ne hoton tarin buhuna, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa akwai riɗi mai kyau, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe mu. Mai saye a waje ya ga irin wannan sau ɗari. Tambayoyin da ke ransa daban ne. Nawa ne danshin da ke cikin kayan? Kashi nawa ne tsabtarsa bayan an tace ƙasa da tsakuwa da kara? Nawa ne yawan mansa? Da wane magani aka adana shi, kuma wane ɗakin gwaji ne ya duba ragowar maganin? Wa ya yi feshi kafin lodi, akwai takardar shaidar lafiyar tsirrai? Kwana nawa kwantena ke yi daga Kano zuwa Apapa ko Onne, kuma wa ke ɗaukar asara idan ta makara? Yana da dalilin tambaya. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari, irin wanda muke kira fiya-fiya. Meziko, babbar kasuwar zoɓorodonmu, ta dakatar da saye na wasu shekaru saboda wani ƙwaron rumbu da ake kira khapra. Duk mai saye da ya san aikinsa ya san waɗannan.

To, ɗan kasuwar da zai ɗauki hoton na'urar awon danshi a cikin buhu, lambar na fitowa, ya rubuta layi biyar a kan dalilin da ya sa ba ya loda kaya sai sun bushe zuwa kaza, da abin da ke faruwa da riɗi mai laima bayan makonni a cikin ƙarfe a kan teku, ya ba mai karatu abin da zai tura wa mai kula da inganci a kamfaninsu. Ba lallai a yaba rubutun ba. Amma an ga mutumin da ya san kayansa, kuma wannan ne ake tunawa.

Wasu kan ce idan suka bayyana abin da suka sani, abokan hamayya za su kwafa. Ban ga ƙarfin wannan hujja ba. Abokin hamayya ya riga ya san awon danshi. Wanda bai san ka sani ba shi ne mai saye.

A ɗaya ɓangaren akwai masu neman tashe ko ta halin ƙaƙa: ƙuri'ar jin ra'ayi a kan abin da bai shafi kowa ba, labarin tausayi da aka ƙaga, rubutun da ke cewa a danna kaza idan an yarda. A watan Mayu na 2022 LinkedIn ya sanar cewa zai rage nuna irin waɗannan. A 2023 Dan Roth, babban editan dandalin, ya shaida wa mujallar Entrepreneur cewa sun gyara tsarin da ke zaɓar abin da kowa ke gani domin ya fifita ilimi da shawara daga wanda ya san fanninsa, kuma ba a gina tsarin don rubutu ya game duniya ba. Shi ma dandalin ya gwada kwaikwayon Instagram da gajerun hotuna masu ɓacewa bayan kwana guda a 2020, ya rufe su a 2021.

A watan Agusta na 2022 Braden Wallake, shugaban wani kamfanin talla mai suna HyperSocial a Amurka, ya sallami wasu ma'aikatansa, sannan ya sa hotonsa yana kuka tare da bayanin yadda abin ya yi masa ciwo. Rubutun ya zagaya duniya, jaridu suka ɗauka, tsokaci ya zo dubbai, yawancinsa suka ne, domin mutane sun ga waɗanda suka rasa abincinsu ne suka cancanci a tausaya musu. Idan da yawan masu gani ake auna nasara, da babu wanda ya kai shi a wannan makon.

Yanzu kuma ga rubutun da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa cikin daƙiƙa, mai santsi, wanda kowane kamfani zai iya sa sunansa a ƙasa ba a ga bambanci ba. A yi amfani da ita wajen gyara Turanci, wannan taimako ne na gaske ga wanda Turanci ba harshensa ba ne. Amma abin da ya faru a sito ranar Laraba, ba ta sani ba sai an gaya mata.

Shafin kamfani da shafin mutum

Mutane sun fi sauraron mutum a kan tambarin kamfani, don haka injiniya ko manajan sito da ke rubutu da sunansa yakan isa inda shafin kamfani ba ya isa. Kamfanoni na yin kuskure biyu a nan. Wasu na hana ma'aikata magana gaba ɗaya. Wasu na tilasta musu su kwafi rubutu guda su liƙa, sai ka ga mutum goma sha biyu sun yi farin ciki da kalmomi iri ɗaya a safiya ɗaya.

Sai tambayar da ba a cika yi ba sai an ɓata: idan ma'aikaci ya tafi, na wa ne mutanen da ya tara? Dokokin LinkedIn sun ce shafin mutum nasa ne. A Amurka, kamfanin Edcomm ya sallami Linda Eagle, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya sauya kalmar sirrin shafinta, ya sa suna da hoton wadda ta gaje ta. A 2013 kotun tarayya a Pennsylvania ta ce an yi amfani da sunanta ba bisa ƙa'ida ba, ko da yake ba ta ba ta diyya ba domin ba ta iya tabbatar da adadin asarar ba. Maganin wannan yana hannun kamfani tun farko: duk alaƙar da ta fara zama ciniki a shigar da ita cikin kundin kamfani, a kuma tabbatar mai saye ya san fiye da mutum ɗaya a gidan.

Kuɗin talla da abin da ake aunawa

Tallan kuɗi a LinkedIn gwanjo ne, kuma kowace dannawa ta fi ta Facebook tsada, domin ana sayar da damar zaɓar mutane ta muƙami da masana'anta da girman kamfani. Mafi ƙarancin kasafin rana dala 10 ne, mafi ƙarancin waɗanda za a hara mutum 300. Ga kamfanin da ke samun kuɗinsa da naira, wannan ya ƙara nauyi tun da aka saki farashin canji a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Wanda ribarsa a kan kwastoma ɗaya ba ta da yawa, lissafin ba zai fita ba, gara ya tsaya ga rubutu da alaƙa, waɗanda lokaci kawai suke ci. Wanda kuma ya biya, ya tura mutane zuwa shafin da ba ya buɗewa a waya, ko fom ɗin da aka cike ba mai kira sai bayan mako biyu, ya sayi baƙo da tsada ya bar shi a tsaye.

Eric Ries, a littafinsa The Lean Startup na 2011, ya yi gargaɗi a kan alƙaluman da ke faranta rai ba tare da sun taimaka wajen yanke shawara ba. Yawan mabiya da yawan masu gani suna cikinsu. Da zarar an ce da su za a auna ma'aikacin talla, zai samo su, ko ta ƙungiyoyin nan da ake haɗuwa a WhatsApp ana yaba wa juna rubutu bi da bi. Lambar za ta hau, amma masu yabon abokan sana'arsa ne, babu mai saye a cikinsu. Su kansu alƙaluman dandalin ba wahayi ba ne. A watan Nuwamba na 2020 LinkedIn ya amsa cewa kuskuren awo ya sa ya caji masu talla fiye da 418,000 kuɗin da ya wuce ƙa'ida tsawon fiye da shekara biyu, ya kuma mayar musu. 

Abin da ya cancanci aunawa yana da wuyar ƙirgawa, amma ba gagara ya yi ba. Dandalin na nuna muƙamai da kamfanonin waɗanda suka ga rubutu, a duba ko su ne ake nema. A ƙirga tattaunawa nawa aka fara da mutanen da ke da ta cewa a sayayya, nawa suka nemi samfuri ko farashi, nawa suka kai ga oda, da watannin da kowanne ya ɗauka. Tunda ciniki irin wannan kan ci watanni, wani ma shekara, kamfanin da ya yanke hukunci bayan mako shida ya auna abin da bai nuna ba tukuna. Kuma tunda mai karatu a nan ba ya yawan barin sawu, kwamfuta za ta rubuta cewa ta imel ko ta waya ya zo. Sai an tambaye shi. A sa wa duk mai karɓar oda doka, ya tambayi sabon kwastoma inda ya fara jin sunan kamfanin da wanda ya ambata masa shi, a rubuta amsar a gefen odar, a tara ta shekara guda kafin a zauna raba kasafin talla na baɗi.